Lambun da Mahaifinku Ya Bar Mini

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba ni mahaifinku, Ya kuma karɓi abinSa a lokacin da Ya so. 'Yata Kaltume ce take rubutawa ni ina faɗa, domin ni ban taɓa riƙe alƙalami ba sai in zan miƙa wa wani. Na ce ta rubuta da Hausa saboda jikokina na Kano da Abuja, waɗanda idan na yi musu yarenmu sai su tsaya suna kallon bakina suna dariya. Na riga na ba ku labarin tasowata a bayan shanu da zaman hayar da muka yi a unguwar Limanti. Yanzu na zo kan shekarar lambu, ita ce ma ta sa na zaunar da Kaltume tun farko. An daɗe ana wata magana a tsakaninku, cewa lambun bayan gidan nan ne ya kashe mahaifinku. Sau ɗaya kawai aka faɗe ta a inda kunnena ya kai, amma na san ba ta mutu ba. Ina so in gyara ta tun ina da numfashi, kada wata rana ku zuba siminti a kan abin da ba ku san ko mene ne ba.

Filin gidan nan na unguwar Mairi kowa ya ƙi shi kafin mu. Ƙarami ne, kuma a karkace yake. Daga ƙofar ɗakina zuwa katangar baya ƙasa gangarawa take yi ta nufi wajen kogi, har idan albasa ta kuɓuce maka a bakin ƙofa sai ka je gindin katanga ka ɗauko ta. Mahaifinku ya gina ɗakuna a sama inda ya fi daidaita, ya bar mini bayan. Ni kuwa 'yar makiyaya ce aka kawo birni, ba na iya ganin ƙasa a zaune ba ta aikin komai. Na shuka kuɓewa da yakuwa da karkashi da alayyafo can ƙasa inda laima take taruwa, na kafa turken awaki a gefe, na dasa reshen lallen da na yanko daga gidan mahaifiyata. Famfo yana sama, shuka tana ƙasa, don haka safe da yamma ina kan hanya da bokiti. Da damina kuwa duk ruwan rufin gida nan yake zubowa, ya yanka tsakiyar filin ya yi kwari, ya kwashi yashi ya jibge a gindin katanga, har ta taɓa faɗuwa. Ɗana Babagana zai tuna, da hannunsa ya taya ɗaukar bulo yana saurayi. Duk da haka ina son wurin nan. Miyar da kuka tashi da ita daga nan ta fito.

Da kuka watse kowa ya kama gidansa, sai muka rage mu biyu. A ƙarshen wata damina na sauka da bokiti bayan ruwa ya ɗauke, santsi ya kwashe ni. Ban karye ba, amma gwiwar hagu ba ta dawo daidai ba har yau. Ina kwance cikin taɓo ina kira, mahaifinku yana kasuwar shanu, ba kowa sai awaki suna kallona suna tuƙa. Da la'asar ya dawo ya tarar na ja jiki zuwa tsakiyar gangarar na tsaya. Ya ɗauke ni, dattijo da shi, ya kai ni ɗaki, ya kira mai ɗori ya duba. Bayan nan na hango shi ta taga tsaye a bayan gida, hannuwa a baya, yana kallon kwarin nan irin kallon da yake yi wa saniyar da yake zargin an ɓoye masa ciwonta. A cikin kwanakin ne kuma ya fara yawan zuwa asibiti. Idan na tambaya sai ya ce maganin gwiwata yake karɓowa. Yana dawowa da maganin kuwa, shi ya sa ban kawo komai a raina ba.

Wata safiya muna shan shayi ya ajiye kofi ya ce:

"Hajja, zan gyara bayan gidan nan."

"Katangar ce kuma?"

"Gaba ɗaya. Na taɓa kai rago wani gida a GRA na ga lambu. Ba ciyawa, ba taɓo. Tsakuwa ce a shimfiɗe da 'yan itatuwa nan da can, kowanne a wurinsa. Maigadi ya ce mini sai a daɗe ba wanda ya taɓa shi."

"Alhaji, tashar mota ka gani ba lambu ba. Me ake ci a cikinsa?"

"Ba a cin komai. Zama ake yi."

"Ni da kai mu zauna mu zuba wa tsakuwa ido? Lallai ka fara tsufa."

"Na daɗe da farawa," in ji shi, "ke ce ba ki lura ba."

Na yi dariya. Wayyo ni, dariya na yi. Kaltume, ɗaga alƙalamin kaɗan.

Mutumin da ya kawo don aikin shi ne Malam Bitrus, abokinsa ne mai sayar da 'yan itatuwan dashe a bakin titi. Mutumin duwatsun Gwoza ne, rashin zaman lafiya ya sauko da shi birni. A can kakanninsa a jikin dutse suke noma, suna jera duwatsu hawa-hawa don ƙasa ta tsaya. Ya zagaya filin, ya tsuguna a bakin kwarin ya daɗe, sannan ya ce wa mahaifinku su a gida ba sa tare ruwa, gudu suke rage masa har ya gaji ya zauna ya nutse. Suka ɗauki sanda suka yi ta zane a kan yashi, su goge da ƙafa su sake. Mahaifinku ya sa Kaltume ta turo masa hotunan lambunan zamani a waya, ya riƙa nuna wa Malam Bitrus yana cewa layi yake so a miƙe kamar an ja da igiya, ba ya son kwana-kwana. A ƙarshe suka tsayar da cewa za a yanka gangarar hawa uku, kowane hawa a daidaita shi kamar tsakar ɗaki, a tokare shi da gajeriyar katangar jan bulo wadda mutum zai iya zama a kanta. A sama rumfa da daɓe. A tsakiya tsakuwa. A ƙasa kuma a haƙa rami a cika shi da fasassun bulo, ruwan da ya rage ya shige ciki maimakon ya ci katanga.

Ranar da aka tumɓuke kuɓewata ban fito ba. Awakina kuwa a keken napep aka loda su zuwa gidan ƙanwata a Limanti, wai za su cinye dashe. Ina jin kukansu har suka sha kwana. Na ɗauke wa mahaifinku magana. Abinci zan ajiye masa in juya, kuma da gangan na riƙa yi masa miyar kuka kullum, tunda ya hana ni ɗanyen ganye. Bai taɓa ƙorafi ba, sai dai na ga yana rage abincin, na ɗauka shi ma fushi yake yi. Ku ma a lokacin kun kira a waya kun yi ta faɗa. Babagana ya ce me dattijo yake nema da ɗaukar bulo a rana, in lambu yake so a turo masa ma'aikata. Mahaifinku ya ce ma'aikata suna nan, shi nuni kawai yake yi. Ba gaskiya ya faɗa ba duka, yana sa hannu, na gan shi.

Abin da ya karya mini fushi matakala ce. Da aka zo gina ta sai ya leƙo ɗaki ya ce:

"Hajja, ki ara mana gwiwarki."

"Wacce? Mai lafiyar ko wadda filinka ya cinye?"

"Marar lafiyar. Ita ce injiniyanmu."

Suka jera bulo a tsakar gida, wani a kwance wani a tsaye, suka sa ni in taka in sauka, in taka in sauka, mahaifinku yana riƙe da hannuna yana kallon fuskata. Duk inda ya ga na yamutsa fuska sai ya ce a rage tsawo. Malam Bitrus yana dariya yana cewa, "Mama, matakalar nan ko kunkuru ya hau ta ba zai yi haki ba." Na ce masa ya bari in warke zai ga kunkuru. Haka aka gina ta, faffaɗa, gajeriya, da ƙarfen riƙewa daidai ƙuguna ba daidai na kowa ba. Ku da kuke cewa tana ba ku haushi saboda taku ba ya cika, yanzu kun san wa aka auna.

Da sanyi ya shigo aka yi dashe. Kafin a zuba tsakuwa sun shimfiɗa tsofaffin buhuna a ƙasa don kada ciyawa ta huda. Mahaifinku ya ƙi a sa dogonyaro ko wani itace mai zubar da ganye, ya ce ba ya son abin da zai sa a ɗauki tsintsiya. Dillalin shanu ne, haka kuma ya sayi itatuwan: ya ɗaga ganye ya duba ƙasansa, ya murza kara, ya zare daga leda ya kalli saiwa, kamar yana buɗe bakin maraƙi. Ya sa kariya da alobera a tsakiya, zogale a ƙasa, da wasu furanni masu launi da Malam Bitrus ya yaba masa. A bakin kowane hawa aka jera jema. Da na ga jemar sai na ce ashe akwai abu ɗaya mai amfani a tashar motar nan, ko ba komai zan samu saiwar turaren wuta. Ya ce saiwar tata ce za ta riƙe ƙasa, in na tone ta mu biyu za mu kwana a kotu. Lallena kaɗai ya rage daga tsohon lambu, shi ma sai da aka tumɓuke shi aka matsar da shi kusurwar dama saboda ramin ruwa.

Duk tsawon sanyi yana ba su ruwa da tiyo har suka kama. Da bazara ta kunno kai, irin bazarar garin nan da takalmi yake narkewa a kan kwalta, sai na ga ya naɗe tiyon ya kai ɗakin ajiya ya kulle.

"Daga yau," in ji shi, "ba mai ba su ruwa sai sama."

"Kashe su za ka yi bayan duk wahalar nan?"

"Tantance su zan yi. Ke kin fi ni sani. Idan rani ya tsananta, wace saniya mahaifinki yake bari ta yi masa iri? Wadda ta kwanta a hanyar tafki ko wadda ta kai?"

Haka kuwa muke yi a daji. Amma ban taɓa jin wanda ya yi wa fure haka ba. Kowace safiya sai ya zagaya da sandarsa yana dubawa. Furannin nan masu launi su suka fara kwanciya, ya cire su ba tausayi, ya maye gurbinsu da irin waɗanda suka jure. Jema ta yi ja amma gindinta na nan kore. Kariya kuwa ba ganye ko ɗaya a jikinta sai ga ta ta fashe da jan fure a tsakiyar zafin nan, ya kira ni in zo in gani yana murna kamar an yi masa haihuwa. Sai lallena ya fara zubar da ganye. Tsoho ne, an yanke masa saiwa wajen matsarwa, bai gama farfaɗowa ba aka ɗauke masa ruwa. Na yi haƙuri na yi haƙuri, ran nan da la'asar na cika buta na kama ƙarfe na fara sauka a gaban idonsa. Ya ce in dawo. Na ce ba zan dawo ba. Na ce ya raba ni da awakina, ya raba ni da miyata, yanzu kuma abin da ya rage mini na mahaifiyata yake so ya kashe don ya yi koyi da mutanen GRA. Na faɗi maganganu da yawa. Ya bar ni na gama, sannan ya sauko ya zauna a kan katangar tsakiya, ya buga gefensa da tafin hannu.

"Zauna, Hajja."

Na zauna da butata a hannu.

"Ba maganin gwiwarki kaɗai nake karɓowa ba. Likita ya ce hanta ce, kuma ta yi nisa. Tun kafin a kawo bulon farko ya faɗa mini."

Ban san lokacin da butar ta faɗi ba. Na dai ga ruwa yana bin tsakuwa.

"Ranar da na same ki a cikin taɓo," in ji shi, "na ce idan ba na nan wa zai ɗauke ta? Na san yaran nan. Za su ce ki rufe gida ki koma wajensu, su ajiye ki a saman bene kina kallon bango. Ke kuma na san ki, za ki ƙi, ki ci gaba da sauka da bokiti har ki faɗi inda ba mai jin kiranki. Shi ya sa nake so in bar miki wurin da ba zai kira ki ƙasa ba, kuma ba zai zama kango a ce kin kasa ba. Duk abin da bai iya rayuwa ba tare da ni ba, gara ya mutu yanzu ina gani."

Sannan ya roƙe ni abu ɗaya, kada in faɗa muku. Ya ce idan Babagana ya ji, washegari zai zo da mota ya kai shi asibitin wani gari a rataya masa robobi, alhali likita ya riga ya ce ba abin da zai sauya. Ya ce shi burinsa ya ga damina ta sauka a kan aikin nan ya tabbata katangar ta tsaya. Na zauna a wurin har aka kira magariba ina auna abin. Na san haƙƙinku ne ku sani. Na san idan na yi shiru zan hana ku zama da mahaifinku a kwanakinsa na ƙarshe, kuma ba abin da zai dawo muku da su. Na kuma san mutumin nan tun da aka kai ni gidansa bai taɓa roƙona komai ba sai ranar. Na zaɓe shi. Da idona a buɗe na zaɓa, kuma da za a mayar da ni kan katangar nan abin da zan sake yi ke nan. Amma kada ku ɗauka da sauƙi na yi. Duk kiran wayar da na ce muku lafiya lau muke, sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Washegari ya tsaya a kan lallen ya daɗe. Bisa dokarsa cire shi ya kamata a yi. Sai ya aika aka kira Malam Bitrus, suka yi ta ƙus-ƙus. Malam Bitrus ya samo wani faffaɗan dutse aka kafa a ƙarƙashin rumfa ta hannun dama, aka ja siririyar hanyar ruwa ta siminti daga gindinsa, ta bi gefen matakala ta gangara har kusurwar da lallen yake. Gangarar nan da ta karya mini gwiwa ita suka sa aiki.

"Daga yau a nan za ki riƙa alwala," in ji mahaifinku. "Ba bokiti, ba sauka. Ki wanke fuskarki a sama, shi ya sha a ƙasa."

Na yi alwalar azahar a kai, muka tsaya mu uku muna kallon ruwan yana bin hanyarsa a hankali har ya ɓace a gindin lallen. Malam Bitrus ya cire hula ya ce, "Alhaji, wannan dabara ko a kan dutsenmu ban gan ta ba." Ni kuma don in hana kaina kuka sai na ce, to shi ruwan alwalarsa fa, a banza zai riƙa zuba? Bayan kwana kaɗan sai ga dutse na biyu a hannun hagu da tasa hanyar ruwan, a ƙarshenta kuma an dasa ɗan lemun tsami.

"Alhaji, ka karya dokarka," na ce. "Lemun tsami ya fi kowa ƙishirwa a nan. Kuma kai da ka ce mini..."

Nufina, wa zai shayar da shi idan ba ya nan.

"Wannan ba naki ba ne, na yaran ne," in ji shi. "Duk wanda ya zo gaishe ki ya yi alwala a nan. Idan suna zuwa zai rayu. Idan ya bushe, to itace ne kawai, a cire."

"Tarko ka ɗana musu ke nan."

"Tarkon da za a matsa a shayi, Hajja. Wa zai yi kuka da shi?"

Allah Ya cika masa burinsa. Ruwan farko da la'asar ya sauko, mai ƙarfi, muna zaune a rumfa, shi a kishingiɗe don a lokacin zama ya fara yi masa wuya. Ruwan rufi ya zubo kan daɓe, ya sauka hawan tsakiya ya bazu cikin tsakuwa, jema ta tare shi, ya sake sauka a gajiye, ramin ƙasa ya shanye sauran. Ba kwari, ba taɓo. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Ya ce in je in duba masa gindin katanga. Na sauka ni kaɗai, a cikin yayyafi, da gwiwar nan, na taɓa katangar na dawo ƙafata ba ta zame ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya rufe ido yana murmushi. Kafin daminar ta ƙare ya rasu, a ɗakinsa, da hantsi, kansa a kan cinyata. Sai da jikin ya rikice a makon ƙarshe ya yarda na kira ku, kuma wasunku a hanya labari ya same su.

A cikin zaman makoki ne na ji Babagana a bayan tagata yana ce wa ƙannensa lambun banzan nan ne ya kashe Baba, dattijo ya yi ta ɗaukar bulo a rana har jikinsa ya ƙare. Ina jinsa na yi shiru. Na ga idan na faɗa a lokacin zan ƙara muku wani ciwo a kan wanda kuke ciki, ku san cewa mun sani mun ɓoye. Maganar lemun kuwa ba zan iya faɗa ba, sai ta zama kamar ina bara a zo a gan ni. Na shiga takaba. Lambu ya yi abin da aka gina shi ya yi, bai nemi komai a wajena ba. Lalle yana shan alwalata yana tofo. Dutsen hagu kuwa ko kallonsa ba na iya yi, har yanzu akwai inda sandarsa ta goge siminti a gefensa. Kuna zuwa, ban ce ba ku zuwa ba, da Sallah ko in wani aiki ya kawo ku. Amma a banɗaki mai tayil kuke alwala ku wuce masallaci, bayan gida kuwa ba mai leƙawa saboda haushinsa kuke ji. Da rani ya zagayo na hango ganyen lemun ya fara naɗewa. Na tuna ya ce in ya bushe a cire. Sai na ji ba zan iya bari itacen nan ya ba da shaida a kan 'ya'yana ba. Daga ranar na raba alwalata: asuba da magariba a dutsensa, sauran a nawa. Haka nake yi shekarun nan duka. Ranar farko da na zauna a kan dutsen nan ban san wanne ya fi yawa ba, ruwan buta ko na idona.

Kwanakin baya Babagana ya zo daga Abuja da wani mutum riƙe da igiyar awo. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce:

"Ammi, na yanke shawara. Za a cike bayan nan a daɓe shi da siminti, mu sa 'yan haya, ke kuma ki taho wajena. Ba zan bari wurin da ya ci Baba ya ci ki ba."

Ban yi masa musu ba. Na ce ya bari a yi sallah tukuna. Allah da ikonSa ran nan famfon cikin gida ba ruwa, sai randar rumfa. Ya cika buta, ya duba inda zai zauna, ya zauna a dutsen hagu. Yana naɗe hannun riga sai na ga hannun mahaifinsa, har yadda yake karkata kai. Da ya gama zai tashi na ce:

"Bi ruwanka ka ga inda ya je."

"Na'am, Ammi?"

"Bi shi."

Ya bi shi da takalmin wanka a ƙafa, babban mutum da furfura a gemu, yana sauka a matakalar da ya tsana, har ya tsaya a gaban lemun. Ya fi shi tsawo yanzu, kuma yana ɗauke da 'ya'ya. Na sauko a bayansa na zauna a kan katangar tsakiya, daidai inda aka zaunar da ni, na buga gefena da tafin hannu. Na faɗa masa duk abin da Kaltume ta rubuta a nan. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce:

"Da kun faɗa mini, da na zo na ɗaukar masa bulon."

Na ce masa gaskiyarsa ce. Sannan ya tambaye ni, in dai su aka bar wa itacen, wa ya riƙa shayar da shi duk shekarun nan. Na ce ni ce, asuba da magariba. Sai ya rufe fuskarsa da hularsa. Mai awo yana can rumfa yana jira, ya gaji ya leƙo ya ce, "Oga, a fara daga ina?" Babagana ya ce masa ya yi haƙuri ya tafi, babu aiki. Ya ƙara kwana a gidan nan fiye da yadda ya yi niyya, kuma duk sallolinsa a dutsen hagu ya yi alwala. Ban ce ya huce da ni gaba ɗaya ba, na ga abin a idonsa ranar da zai tafi, kuma ban ga laifinsa ba. Amma shi ya cika aljihunsa da lemu, shi kuma ya kira Kaltume ya ce ta zo ta rubuta don kowa ya ji daga bakina.

To kun ji. Lambu bai kashe mahaifinku ba. Yana mutuwa ya gina shi, kuma saboda shi ne har yau nake kwana a ɗakina, in fito in zauna a rumfata ba wanda ya ɗauke ni. Ku yi masa addu'a, ku yafe mana shirun da muka yi. Gwiwar dama ma ta fara bin 'yar'uwarta, kuma alwalar tsohuwa ɗaya ba ta isar itace biyu idan bazara ta yi tsanani. Duk wanda zai zo kada ya wahalar da kansa da tsaraba, ina da atamfofin da ban ɗinka ba. Buta tana jikin randa. Dutsen hagu ne naku.